Ranar da Na Kama Ɓarawo a Gwaram

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni ga neman hulata alhali tana kaina, da ranar da na tara mutane a Gwaram na ce zan nuna musu ɓarawo da idonsu. Na kuwa cika alkawari. Har gobe idan na tuna, sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A lokacin ina aiki da Alhaji Ɗanjuma, mai kamfanin sayen riɗi da zoɓo. Babban ofishinsa yana Birnin Kudu, sitonsa kuma yana Gwaram, inda manoma daga Farin Dutse da Maruta da sauran ƙauyuka suke kawo kaya a auna. Tun da aka daina biyansu a hannu aka koma tura musu ta banki, sai ya zamana sunan kowane manomi da lambar wayarsa da ta asusunsa duk suna cikin kwamfutar sito. Ni ne mai kula da kwamfutocin. Injiniya ake kira na (kwas na yi a Kano, amma tunda ba ni na raɗa wa kaina sunan ba, ban ga dalilin da zai sa in yi musu gyara ba).

Ni na matsa wa Alhaji har ya sayi na'urar da muke kira fayawol. Da ya ga ɗan akwatin, sai ya juya shi ya ce, "Injiniya, wannan abin da bai kai kwanon sha ba shi ne zai tsare mini dukiya?"

Na ce, "Alhaji, katanga ce, kuma maigadi ne da ba ya gyangyaɗi. Duk abin da zai shigo daga intanet sai ya bi ta gabansa, duk abin da zai fita ma sai ya duba shi."

Na raba masa waifai ɗin sito gida biyu. Akwai layin baƙi, wanda na ce masa kamar zaure ne: mutum ya zauna, ya sha ruwa, ya yi hirarsa a waya, amma ba ya ganin abin da ke cikin gida. Akwai kuma layin 'yan gida, inda kwamfutocin kamfani suke. Duk na'urar da za ta hau wannan sai ni na shigar da ita da hannuna, na rubuta sunan mai ita. Alhaji ya ji misalin zaure ya gamsu.

Daga nan fa kaina ya kumbura. Na zama ɗan sandan waifai. Ɗan Alhaji na cikinsa ya roƙe ni layin 'yan gida don ya fi sauri, na hana. Malam Hudu mai sikeli, dattijo mai yawan raha wanda ranar kasuwa kaɗai yake zuwa aiki, ya bi ni har mota yana cewa layin baƙi ba ya buɗe masa karatun da yake saurara, na ce ya yi haƙuri. Ya ce, "Haba Injiniya, ko furfurata ba za ka duba ba?" Na gyara tsayuwa na ce, "Malam Hudu, katanga ba ta san babba ba." Maganar ta yi mini daɗi a baki, na riƙa maimaita ta ko ba a tambaye ni ba, har direbobi suka fara gaishe ni da ita.

To, akwai mutum ɗaya a duniya da ban taɓa gwada masa wannan magana ba, wato mahaifin mai ɗakina. Manomi ne a Farin Dutse, yana cikin masu kawo wa Alhaji riɗi. Ko a wannan rubutun ba zan ambaci sunansa ba, kun dai san yadda abin yake. Idan na hango shi daga nesa takalmina ne yake fara sanin ya iso. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Shi kuma, Allah ya ƙara masa lafiya, bai taɓa gane aikina ba. Idan aka tambaye shi sai ya ce, "Mijin 'yar tawa? Gyaran waya yake yi." Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai.

Wata ranar kasuwa a farkon kakar riɗi ina cikin ɗakin na'ura, sai ga shi a bakin ƙofa da wayarsa a hannu. Na zube ƙasa na gaishe shi. Ya ce yana son ya ga fuskar ɗansa da ke karatu a nesa, an ce masa a nan akwai iskar da ake kira da ita kyauta. Na karɓi wayar da hannu biyu. Yatsana ya nufi layin baƙi, sai ya tsaya. Baƙi fa. Uban matata, kakan 'ya'yana, in ɗora shi a layin da direbobi da masu tallan rake suke hawa, layin da hoto yake tsayawa baki a buɗe? Idan kiran ya yanke fa, ya ce ko gyaran wayar ma ban iya ba? Sai na shigar da shi layin 'yan gida. Don kada katanga ta dame shi da tambayoyi, na ƙara masa da alamar amintacce, irin wadda ko kwamfutar Alhaji ban ba ta ba. Da na zo gurbin suna sai hannuna ya ƙi. Na rubuta abin da ya sauwaƙa na wuce, da niyyar in ya tafi zan goge komai.

Ya yi kiransa tas, babu yankewa. Ya ce, "Allah ya yi albarka." Na yini ina murmushi ni kaɗai. Gogewa kuwa, ko a mafarki ban sake tunawa da ita ba.

Kaka ta yi nisa sai magana ta fara tashi. Wani manomi daga Maruta ya zo sito a fusace. An kira shi a waya, an ambaci sunansa da na mahaifinsa, an faɗa masa ranar da ya kawo riɗi, aka ce daga kamfanin Alhaji ne, wai kuɗinsa ya maƙale, ya karanto lambar da banki zai turo masa. Ya karanto. Abin da ya noma a shekarar ya tafi. Kafin a gama jajanta masa, wasu ma suka zo da labari iri ɗaya. Manoma suka fara juya kurarsu zuwa wajen wasu masu saye. A kasuwa ana ta cewa Alhaji Ɗanjuma yana sayar da sirrin mutane.

Alhaji ya kira ni ofishinsa na Birnin Kudu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai amsa gaisuwata ba, ya ce, "Ina maigadin naka da ba ya gyangyaɗi?"

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na buɗe saƙonnin da katangar take turo mini (waɗanda, in faɗi gaskiya, na kwana biyu ban leƙa ba). Sai na ga tana ta ba da rahoton wata na'ura a layin 'yan gida da take kwasar bayanai tana turawa waje. Saƙon bai kawo suna ba, lambar na'urar kawai ya kawo, sunan yana can Gwaram cikin akwatin. Abu biyu na lura da su: na'urar tana da alamar amintacce, shi ya sa katanga ba ta tare ta ba, kuma ranar kasuwa kaɗai take aiki.

Mai hankali da ya ga haka zai tambayi kansa wa yake da ikon ba da wannan alama. Ni kuwa sai na tambayi kaina wa yake zuwa ranar kasuwa kaɗai, wa ya daɗe yana nacin layin 'yan gida, wa yake yawan tsayawa a bayana yana zolayata lokacin da nake buga kalmar sirri. Nan take fuskar Malam Hudu ta faɗo mini.

Na ce, "Alhaji, katanga ba ta faɗi ba. Buɗe ƙofa aka yi daga ciki. Da ɗan gari akan ci gari."

Ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Ba na son in ɗauki alhakin kowa. Amma mutumin ranar kasuwa yake zuwa." Na bar shi ya ƙarasa lissafin da kansa.

Alhaji ya ce, "Wallahi tallahi, duk wanda ya buɗe ƙofar nan ya gama aiki da ni, ko da ɗan cikina ne." Maimakon in ce ya sassauta, sai na ce, "Haka ya dace, Alhaji. Idan ba a yi haka ba gobe ma za a ƙara." Ya aika aka kulle ɗakin na'ura na Gwaram aka kawo masa makulli. Ya ce babu mai taɓa komai, har ni, sai ranar kasuwa a gaban ma'aikata da dattawan manoma, don kada a ce an yi rufa-rufa. Na yaba da wannan shawara ƙwarai.

Ranar na ci ado. Na sa shaddar da nake ajiyewa don ɗaurin aure, na ari majigi, na kama hanyar Gwaram ina bitar jawabina a mota. Mai ɗakina ta ce mini Baba ma yana cikin dattawan da aka gayyata, sai na ji daɗi ya ƙaru. Yau dai zai ga bambancin Injiniya da mai gyaran waya.

An shimfiɗa tabarmi a cikin sito tsakanin buhuna. Dattawa suna gaba, surukina a tsakiyarsu. Ma'aikata suna baya. Malam Hudu yana rakuɓe a gefe, babu raha ko kaɗan, don maganar ta riga ta zaga, kowa yana satar kallonsa. Da na wuce ta gabansa ya ce a hankali, "Injiniya, ka ji tsoron Allah. Ina da iyali." Na ce, "Malam Hudu, ni ba ni da ta cewa. Na'ura ce za ta yi magana." Na tuna har wani tausayinsa na ji, irin tausayin da alƙali yake ji.

Alhaji ya buɗe taro da addu'a, ya maimaita rantsuwarsa a gaban kowa, ya miƙo mini makulli. Na jona kwamfutata, na haska bangon sito. Na yi musu bayanin zaure da cikin gida. Na ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Dattawa suka gyaɗa kai. Na saci kallon surukina ta gefen ido, na ga shi ma ya gyaɗa, sai na ƙara murya.

Na nemo lambar na'urar. Da ta fito a bango, sai na ga ɗan ɗigo kore yana ƙyaftawa a gefenta. Gabana ya faɗi, amma na murna. Na juyo na ce, "Jama'a, kun ga wannan koren? Ma'anarsa na'urar tana kan layi yanzu haka. Tana cikin ɗakin nan."

Alhaji ya ce a rufe ƙofa. Aka ja ƙofar ƙarfen nan ta sito, ƙararta ta cika ɗakin. Wasu suka fara shafa aljihu. Manomin Maruta ya miƙe tsaye, aka zaunar da shi. Malam Hudu ya fito da 'yar wayarsa ya ajiye a kan tabarma. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga.

Na ce, "Duk na'urar da ke layin 'yan gida akwai sunan mai ita, akwai kuma sunan wanda ya shigar da ita. Kafin in danna, ina ba mutumin nan dama ya tashi da kansa." Na jira. Babu wanda ya motsa. Na girgiza kai na ce, "Shi ke nan. Katanga ba ta san babba ba."

Na danna, ban ko kalli bango ba. Fuskar Malam Hudu nake kallo, don in ga yadda za ta canza.

Ta kuwa canza. Ya ƙanƙance ido, ya miƙa wuya, ya fara haɗa baƙaƙen a fili kamar yadda yake karanta sikeli: "Su... ru... ki... na." Ya dubi na kusa da shi. "Surukina. To, surukin wa?"

Wani daga baya ya ce, "Karanta na gabansa mana."

Malam Hudu ya karanta. "Wanda ya shigar: Injiniya."

Na juya na kalli bango. Ga shi nan da manyan baƙaƙe, kowane harafi ya kai tafin hannu, majigin da na aro da kaina yana haska shi. Ranar nan ta farkon kaka ta dawo mini gaba ɗaya, har da "Allah ya yi albarka". Na yi ƙoƙarin rufe shafin, hannuna ya kuskure, rubutun ya ƙara girma.

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Kawuna suka juya a hankali daga kaina zuwa kan surukina. Shi kuwa bai karanta boko ba, sai da na kusa da shi ya raɗa masa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wayarsa, ya riƙe ta nesa da jikinsa yana kallonta. Ya ce, "Wannan ce ɓarauniyar?"

Ban san lokacin da na tsugunna ba. Daga tsugunnen na yi bayani, idona a ƙasa, muryata kamar ta wanda ya kwana da zazzaɓi. Na ce Baba bai san komai ba. Na ce wayar ce ta kwaso cuta, wataƙila a wajen masu tura karatu da waƙoƙi a kasuwa, kuma irin wannan cuta tana buɗe wa ɓarayi hanya daga nesa. Duk ranar kasuwa idan ya zo ya zauna a inuwar sito, wayar tana hawa layi da kanta daga cikin aljihunsa. Da a layin baƙi take, babu abin da za ta gani. Da ba ta da alamar amintacce, da katanga ta tare ta tun ranar farko.

Alhaji ya ce, "Wa ya ba ta alamar?"

Na ce, "Ni ne."

"Me ya sa?"

Ta yaya zan ce kunya ce, a gaban wanda nake jin kunyar? Malam Hudu ne ya taimake ni, ko in ce ya ƙarasa ni. Ya ɗauki wayarsa ya mayar aljihu, ya ce a hankali, "Ashe dai ta san babba."

Alhaji ya ce a buɗe ƙofa. Ya dube ni ya ce, "Ka cire wayar daga layi, ka ba ni makullina, ka tafi gida. Na yi rantsuwa, kuma kai ka ce haka ya dace."

Kwanakin da suka biyo baya ban fita ko masallacin unguwa da sakewa ba. Tsoro nake ji na gaske: ga iyali, ga suna ya ɓaci, ga hakkin mutanen da aka cuta saboda ni. Na je har gida na ba Malam Hudu haƙuri. Ya ce ya yafe, amma sai da ya sa na maimaita "katanga ba ta san babba ba" a gaban maƙwabtansa, wai yana son su ji daga bakin mai ita.

Daga baya na ji cewa surukina ya je wajen Alhaji da kansa, ya ce tunda wayarsa ce, shi ma a daina sayen riɗinsa. Ban san abin da suka tattauna ba. Na dai san Alhaji ya biya waɗanda aka damfara, sannan ya kira ni ya ce zai yi kaffarar rantsuwarsa, ba don halina ba, sai don babu wanda ya san inda na binne wayoyin da suka haɗa kwamfutocin sito. Amma da sharaɗi. Ni zan raba abincin kaffarar da hannuna a ƙofar sito ranar kasuwa, kuma ni zan bi ƙauyuka ina gaya wa manoma kada su karanta wa kowa lambar banki a waya. Na yi duka biyun. A kowane ƙauye kafin in sauka daga mota sai in ji ana cewa, "Ga Surukina nan ya iso." Sunan ya bi ni har Sundimina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da na mayar wa Baba wayarsa bayan na wanke ta daga cutar. Na same shi a ƙofar gidansa a Farin Dutse, na tuɓe takalmi, na tsugunna, na miƙa da hannu biyu. Na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na ce daga yau idan ya zo sito, layin baƙi zan ɗora shi, ya gafarce ni.

Ya ce, "Wanne ne na baƙin? Wanda ka ce kamar zaure ne?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya juya wayar a hannunsa. Sannan ya ce, "Tun da ka auri 'yata, ka taɓa ganin na wuce zaure a gidanka?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To, wa ya aike ka ka kai ni ɗaka?"

Yanzu duk kamfanin da na je sa katanga, nakan gaya wa mai shi cewa na'urar za ta tsare shi daga ɓarayin duniya, amma ba ta da maganin mutumin da yake riƙe da makulli idan kunya ta kama shi. Sai in tambaye shi ko yana da suruki a kusa. Idan ya ce yana da shi, nakan ce a shimfiɗa masa tabarma mai kyau a zaure, shi ma can ya fi so.